Farantan Hayatu

Yelwa, Mubi, Maris 2015

Malam Yazid, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali?

Ni ce Mairama, uwar Hayatu, ɗalibinka. Maƙwabciyata Alice ke rubuta min, ni ban yi boko ba.

Mun dawo daga Kamaru. Hayatu kam babu labarinsa, tun ranar da mutanen nan masu bindiga suka shigo gari. Ɗakinsa an ƙona, takardu duk toka. Amma a bayan randa na samu bokitinsa da farantan ƙarfe shida. Da yana gida, da su yake wuni, ya zuba ruwan gishiri, ya jona batir, gida ya ɗauki warin maganin wanki. In na yi faɗa ya ce, "Dada, wannan warin ne zai kori amai da gudawa daga rijiyarmu." Cutar ce ta ɗauke ƙanwarsa.

Farantan nan suna da amfani? Ka huta lafiya.

*

Yola, Afrilu 2015

Dada Mairama, bayan gaisuwa da jaje.

Suna da amfani ƙwarai. Da gishiri da lantarki ake samun kulorin, maganin tsabtace ruwa, amma aikin na shan wuta. Hayatu ya haɗa wani baƙin shafe a jikin farantan, wanda ya sa ƙaramin batir ma ya isa. Shekara huɗu ya yi a kansa. Tunda takardun sun ƙone, daga shafen kaɗai za mu gane haɗin. Ki naɗe su a zane ki aiko, kada a goge komai.

Naki, Yazid.

*

Malam, ina gaisuwa.

Alice ta karanta, na ce ta sake. Sau uku.

Malam, na wanke su. Tun satin da muka dawo. Na gan su baƙi ƙirin, na ɗauka hayaƙin gobara ne. Na ce yaron nan ba zai dawo ya tarar da kayansa haka ba. Kwana uku ina dirza da yashi da toka, har yatsuna suka fashe. Duka shidan. Yanzu fuskata nake gani a ciki. Sauran ruwan bokitin kuma na watsar a kwata.

Kai ka koya masa. Ai ka san abin da ya zuba a shafen, ko? Ka gaya min gaskiya, ni ba yarinya ba ce.

Allah ya bar zumunci.

*

Dada, ina gaisuwa.

Ban sani ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce sai ya tabbatar tukuna zai nuna min.

Ba sai kin aiko ba. Ki riƙe su a wurinki.

Yazid.