Ina Neman Tekun da Ba Mu da Dangi a Bakinsa

Kak Maznah,

Don Allah ki taimake ni kafin murna ta sa in sake yi wa kaina ɓarna, don ta farko na riga na yi ta. Shekarata hamsin da huɗu, har da jikoki, amma makon nan gishiri na zuba wa maigidana a shayi. Jiya kuma a kasuwa mai kifi ya tambaye ni ko lafiya, wai ya ga ina yi wa kifinsa dariya. Ni ba kifin nake gani ba, teku ne a kaina.

Ga yadda abin yake. Maigidana, Abang Rosdi, zai yi ritaya daga aikin gidan waya ƙarshen shekarar nan. Sai 'yarmu Nadhirah, wadda take aiki a Singapore, ta kira ni ta ce ita da mijinta sun kama mana jirgin ruwa na mako guda a watan Janairu, kyautar ritaya da ta cikarmu shekara talatin da aure. Katamaran ake ce masa. Kwale-kwale biyu ne dogaye aka haɗa da falo a tsakani, iska na tura shi da wani ƙaton ƙyalle, kuma wai ba ya tangaɗi irin na jiragen masunta. Da matuƙinsa, da mai dafa abinci. Masu jirgin suna da irinsa a wurare da dama, shi ne ta ce, "Mak, ke za ki zaɓi inda za ku je. Kada ki bar wa Ayah, kin san halin mijinki, sai ya kai ku bakin kogin bayan gida."

Kak, da kin ga bidiyon da ta turo! A gaban jirgin akwai raga da aka ɗaure tsakanin kwale-kwalen biyu, mutum ya kwanta a kai ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa, kore shar. Na kalla har wayata ta mutu. Na sayi malafa mai faɗin faifai, na sayi baƙin tabarau, na sayi kayan wanka masu rufe jiki har idon sawu, alhali ban iya iyo ba ko kaɗan. Ranar Talata Abang ya shigo banɗaki ya same ni da gilashin kallon kifi a fuska, kaina tsundum a cikin baho ina gwaji. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya ja ƙofa.

To ga ɓarnar. Daɗi ya ɗebe ni na tura bidiyon a guruf ɗin dangi na waya, na kuma rubuta da hannuna, "Ku gani! Har ɗaki huɗu, kowanne da banɗakinsa!" Wallahi ban ajiye wayar ba aka raba ɗakunan.

Salbiah, ƙanwar Abang, ta ce ai magana ta ƙare, tsibirin Langkawi za mu, tunda can ne faranti da cakulan suke da araha. Har ta tambaya ko jirgin zai ɗauki saitin faranti biyu, ɗaya nata ɗaya na surukarta. Kamarul, ƙaninsa, wanda in ya ga ruwa ko na kwata ne sai ya nemi ƙugiya, ya ce, "Haba, wa yake zuwa Langkawi in ba masu sayen kwano ba? Tsibirin Redang za mu, ku ga kifi." Suka kwana biyu suna jifan juna da hotuna. Mak Ngah Ropiah kuwa, gwaggonsu, wadda ta doshi tamanin, ta aiko da saƙon murya ta ce ita ko'ina ma ya yi, a dai ba ta ɗakin da yake kusa da kicin, kuma a tambayo mata yadda ake gane alƙibla in jirgi yana juyawa. Ta ce ta riga ta sa an sayo nama, ta fara yi mana dambun guzuri.

Ba wanda ya tambaya ko an gayyace shi, kuma ban ga laifinsu ba. Abang ne babban ɗa, ni ce Kak Long ɗinsu, wato babbar yaya, kuma motarmu ba ta taɓa tashi da kujerar da babu kowa ba. Ko tafiyarmu ta amarci zuwa tsaunin Cameron, da surukata muka je, Allah ya jiƙanta, don ba ta taɓa ganin gonar shayi ba, ta kuma taho da ƙannenta biyu su ɗebe mata kewa. Umara ma da ayari muka yi ta. Ina son mutanen nan, Kak. Su suka riƙe ni duk haihuwar da na yi, su suka yi jinyar mahaifina tare da ni.

Amma bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba, ina rubutawa kunya na kama ni. So nake in tashi da safe in zuba shayi a kofi biyu kacal. So nake in zauna kusa da mijina a kan ragar nan, in dube shi son raina, ba tare da wani ya ƙwala mini kira yana tambayar inda na ajiye murfin tukunya ba. Ina ma so in riƙe hannunsa, ni da furfurata. Tunda aka ɗaura mana aure ba mu taɓa kwana a wani gari mu biyu ba, kuma in wannan ta wuce ni ban san ko wata za ta sake zuwa ba.

Shi ne na yi dabara, na ce bari in nemo tekun da ba mu da kowa a bakinsa, wataƙila nisa ya sa su janye. Na shimfiɗa taswira a teburin cin abinci na kira Abang. Na ce tsibirin Tioman. Ya ce ai kuwa ɗan baffansa Pak Uda yana koyarwa a can, zai ji daɗin ganinmu. Na ce Semporna. Ya ce mijin 'yar kawuna ɗan sanda ne a can, ko na manta? Na tsallaka Thailand na ce Phuket. Ya ce akwai ɗan uwansu, jikan Tok Wan, da ya auri 'yar can, har sunan unguwarsu ya kawo. Haushi ya sa na ɗora yatsa a Palawan, can ƙasar Filifin. Ya duƙufa kan taswirar har na fara murna, sai ya ce nas ɗin da ta yi jinyar mahaifiyarsa 'yar can ce, ya kamata a kai mata gaisuwa. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ya naɗe taswirar a hankali ya ce, "Duk inda kika zaɓa ya yi."

Wannan shi ne yake sosa mini rai a tsakiyar murnar. Ban sani ba ko sabo ne yake sa shi lissafo dangi, ko kuwa tsoron zama da ni mako guda yake yi. Ni ma kaina ina wannan tsoron. In aka cire zancen yara da na gyaran rufi da na wa ya rasu wa ya haihu, me za mu ce wa juna? Sai kuma in tuna ragar nan, in ji kamar in taka rawa a kicin.

Kak, wane teku za mu? Ina son wuri mai ɗumi, mai kwantaccen ruwa, inda za mu ci abinci hankali kwance. Kuma in ce musu an canza mana jirgin ne zuwa mai ɗaki ɗaya? Nadhirah tana jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Kak Long mai rawar kai, Ipoh

*

Kak Long,

Na karanta wasiƙarki ina dariya har na zo kan kofi biyun nan, a nan na daina. Abin da kike so ba abin kunya ba ne, hakkinki ne, kuma kin daɗe kina jira.

Bari mu fara da mai sauƙi. A watan Janairu iskar damina tana kaɗa gaɓar gabas ta ƙasarmu, yawancin masaukan tsibiran can a rufe suke. Redang da Tioman sun fita ke nan, ba sai kin yi musu da Kamarul ba, shi da yake masunci ya fi ki sani in ya huce. Semporna da Palawan sun yi nisa ga mai tafiyar farko. Gaɓar yamma ce take lafawa a wannan lokaci. Langkawi yana da kyau ƙwarai, amma in kika je can rabin hutunki zai ƙare a shagon faranti. Ni da ni ce, mashigin Phang Nga zan zaɓa, a tashi daga Phuket. Ruwansa a kwance yake, tsibiran kusa da juna suke, ba za ku daɗe a tsakiyar teku ba. Mutanen ƙauyukan Koh Yao yawancinsu Musulmi ne, ga masallatai ga abincin da za ki ci ba tare da tambaya ba. Ki duba fasfo ɗinku tun yanzu, ki sa Nadhirah ta yi wa masu jirgin bayanin abincinku, ki tafi da maganin jiri, kuma tunda ba ki iya iyo ba, kada ki shiga ruwa sai da rigar kariya. Jikan Tok Wan kuwa, ku kai masa gaisuwa ranar dawowa, sa'a ɗaya ta isa.

Zancen ƙarya ki ajiye shi. Sun ga bidiyon, kuma na tabbata Salbiah ta adana shi. Ranar da kika dawo da hotuna za a ƙirga tagogi, ki shiga bayanin da ba shi da ƙarshe.

Ki kuma yi wa danginki adalci. Ba kwaɗayi ne ya kawo su ba. Shekara talatin kina buɗe musu ƙofar mota, sannan kika ɗaga musu ɗaki huɗu a waya, dole su ɗauka gayyata ce. Saboda haka gyaran yana bukatar ladabi. Mak Ngah Ropiah ba a yi mata wannan bayani ta waya. Ki shirya ki je gidanta, ki zauna a gabanta ki ce kyauta ce jikarta ta yi wa iyayenta su biyu, ke kuma ɗoki ya sa kika yi saurin baki. Ki roƙe ta dambun nan, ki ce da shi za ku yi guzuri. Tsofaffi sun fi mu gane irin wannan, kada ki yi mamaki in ta fara tsokanarki. Bayan nan Nadhirah ta rubuta a guruf, tunda ita ce mai kyautar. Ku kuma haɗa walimar ritaya a bakin ruwan Teluk Batik kafin tafiyar, kowa ya zo da tabarmarsa, Kamarul ya jefa ƙugiyarsa, a yi wa Abang addu'a. Za a sami mai kumbura fuska, ki bar shi, kafin Sallah ya sauka. In akwai ƙaramin jirgi a canza muku, in babu kuma, ɗaki ya kwana babu kowa ba zunubi ba ne.

Saura babbar magana. Ni da ba ki taɓa gani ba kin faɗa mini abin da zuciyarki take so, shi kuma da kuke kwana ɗaki ɗaya taswira kika nuna masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan waya, in kika kira masa sunan gari ai adireshi zai ba ki. Tambayar da kika yi ya amsa. Wadda take ranki ba ki yi masa ba tukuna.

Ban san abin da yake zuciyarsa ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Mai yiwuwa ne shi ma yana so, nauyin zama babban ɗa ne ya hana shi furtawa. Mai yiwuwa ne kuma da gaske yana fargabar shirun, kamar yadda kike yi. In haka ne, ku biyu kuna tsoron abu ɗaya, kuma wannan ma abin hira ne. Kada ki damu da abin da za ku ce wa juna a jirgi. Yini na farko za ku yi zancen yara, na biyu zancen zai ƙare, daga nan ne za ki fara jin mutumin da kika aura.

Saboda haka kafin ki kira Nadhirah, kafin ki je wurin Mak Ngah, ki sami lokacin da gidan ya yi tsit, ki kife wayarki, ki ce masa, "Abang, so nake mu tafi mu biyu, ni da kai." Daga nan ki kama bakinki. Na ga alama ke mai saurin cike shiru ce, to wannan karon ki daure. In ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce komai ba, kada ki ce wasa kike yi, kada ki tashi ɗora ruwan zafi. Shekara talatin ke nan duk sanda ya buɗe baki zai yi miki magana sai wani ya yi sallama. Ki ba shi lokaci ya ƙarasa.

Allah ya sanya albarka a ritayar, ya saka wa Nadhirah da alheri, ya ba ku iska mai daɗi. Ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku biyu.

Kak Maznah