Na Gane Ɗan Fashin Da Zanen Da Na Yi Masa

Assalamu alaikum mai kula da shafin nan da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni wanzami ne, gadon gidanmu ke nan, a wani gari na yankin Gidan Rumji da ba zan faɗi sunansa ba. Na ɗan taɓa lakol, wato makarantar boko, shi ya sa nake rubuta wannan da hannuna. Da muna yara, in aka saci akuya a garinmu sai a yi wata guda ana zancen. Yau da rana tsaka ake tare hanya a kan moto, wato babur, da bindigogi, a kora shanun noma, a tafi da magidanci gaban iyalinsa, washegari kowa ya fito harkarsa kamar ba a yi komai ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kowa ka taɓa sai ya ce baƙi ne. Wane baƙo ne ya san wanda ya sayar da bijimi ranar kasuwa? Wane baƙo ne ya san kwanar da mota ke rage gudu saboda rairayi? Ni dai na san har da namu a ciki, kuma ga yadda aka yi na sani.

Wata huɗu da suka wuce muna dawowa daga kasuwar Gidan Rumji bayan la'asar aka tare motarmu. Su biyar ne, duk sun naɗe fuska da rawani. Suka ce mu kwanta, direba ya yi gardama, suka harbe shi, bai kai asibiti ba. Wanda ke lalube mana aljihu ya sunkuyo kaina, rawanin ya zame, na ga kuncinsa na hagu. Zanen Gobirawa ne irin wanda rabin mutanen yankin nan ke da shi, sai dai layin ƙarshe ya karkace ya nufi kunne. Ni na karkata shi. Shi ne jaririn farko da babana ya miƙa mini aska in yi wa zane, yaron ya motsa, hannuna ya goce, na sha faɗan da har yau ban manta ba. Ɗan yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita, zan kira shi Ɗanlami. Shi ne aka ce mana yana ƙetaren iyaka yana sayar da shayi. Ya dube ni, na dube shi, ya gyara rawaninsa ya tsallake ni bai taɓa aljihuna ba.

Da jandarmomi, jami'an tsaronmu, suka tambaya ko akwai wanda ya gane wani, na ce ni ko kai ban ɗaga ba. Bayan kwana uku samarin gari suka bi sawun moto, suka ga ya ratsa ta bayan rugar Buba, wani Bafillace da ya yi shekaru yana sauka gonata da rani, shanunsa su zuba mini taki. Mutumin da ko keke bai iya hawa ba. Suka yi masa dukan kawo wuƙa suka miƙa shi ga jandarmomi, yanzu yana gidan kaso a Maraɗi yana jiran shari'a. Ina tsaye bakin masallaci aka wuce da shi, ya ɗago ya neme ni da ido, ni kuwa na duƙa ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Wace irin kunya ce ta wuce wannan?

Na kasa barci, na je na sami yayata. Mijinta ya rasu, Ɗanlami kaɗai gare ta. Ina tsammanin za ta faɗi ta suma, sai ta ci gaba da tankaɗen gari, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Kai ka aske mishi gashin suna, yanzu kuma kai za ka ba da shi a kashe? In ka buɗe baki, ka san ba ka da ƴar'uwa duniya da lahira.” Ashe ta sani. Tun yaushe? Ban tambaya ba, don na ji tsoron amsar.

Shi ma gogan bai ɓuya ba. Sati biyu bayan haka ya zo rumfata ranar Juma'a, ya gaishe ni har ƙasa, ya zauna ya ce in yi masa aski. Ga aska a hannuna, ga wuyansa, amma ni ne ke zufa. Ya ce, “Kawu, ka bi a hankali. Waɗanda nike tare da su ba su san kawu ba.” Na gama askin, ya yi godiya ya tafi. Tun daga ranar an sake tare hanyar sau biyu, kuma duk wanda aka raunata ji nake kamar da hannuna a ciki.

To in na je ofishin jandarma, wa zai tsare mini ƴaƴana? Magana ba ta kwana a garin nan, kafin in dawo gida labari ya riga ni. In kuma na yi shiru, Buba zai ruɓe a kaso kan jinin da bai zubar ba. Mutane sun daina sayen nonon matarsa, ta shigo gari da ƙwarya cike ta koma da ita cike, ga tsohon ciki. Ina ganinta nake sake hanya, sai shekaranjiya ta ritsa ni a rumfa. Ta ce ta ji alƙali zai kira duk wanda ke cikin motar nan mako mai zuwa. Ta durƙusa gabana tana cewa, “Wanzam, kai kaɗai ka rage kana amsa gaisuwarmu. Na san ba ka ga kowa ba. Ka ce musu ka san halin Buba, shi ke nan.”

Na ce mata in sha Allahu. Jiya takardar kiran ta iso, ranar Talata za a yi zaman, kuma an ce rantsar da mu za a yi. Ƙaryar farko na yi ta a tsorace, wannan kuwa da alwala zan yi ta, Buba na tsaye yana kallona. Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?