Rassan Inabi Uku Zuwa Tsanyawa

Zuwa ga sanyin idona, raɓar safiyata, inuwar da nake fakewa in rana ta take, Zulaihatu 'yar Malam Sama'ilu. Amincin Allah ya lulluɓe ki, ke da Baba da Inna.

Wata huɗu ke nan rabona da Tsanyawa, tun da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, na taho gonar Alhaji Badaru a bayan Ɗanbatta neman abin kaiwa baka. Kin san abin da na tarar? Inabi! Shi dai wanda kika tsayar da ni a bakin rijiyarku, guga a hannunki, kina tambayata ko yana fitowa a ƙasa irin tamu, ko kuwa sai a Aljanna. Na yi miki dariya ranar, alhali ni ma ban sani ba.

Ashe ba iri ɗaya ba ne! Akwai baƙi, ƙanana, mai kaurin ɓawo, yana kama harshe kamar ɗanyar kanya. Malam Muntaka mai kula da gonar ya ce irinsa Turawa ke matsewa su yi giya. Mu Allah ya tsare mu, ci kawai muke. Akwai kore mai tsami-tsami, da na tauna sai na tsaya cak, don ƙamshin gyalenki na ji. Akwai ja, dogo, ba ƙwallo, zaƙi zalla. Wanne ne ke a cikinsu, ya farin watana? Kullum sai na sake amsa.

Abin da ya ɗaure min kai, sai an datse rassansa tas, an rage masa ruwa, sannan yake fure. Me ya sa? Malam Muntaka ya ce shi ma haka ya gani. To ni da aka datse daga gare ki, me ya sa ramewa nake?

Na san Baba ya ce ba zai ba mai rumbu wayam ke ba, kuma bai yi laifi ba. Ga rassa uku nan na ba Dogo direba, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ki roƙar min Baba ya bari ki dasa su inda ruwan alwalarsa ke gangarawa. Ki rubuto min wanne ya fara toho, wace rana, ganye nawa. In suka kama, wataƙila ya yarda hannuna zai iya riƙe gida. Ki jira ni, don girman Allah! In kuwa suka bushe, zan aiko wasu, in sake aikowa, har Baba ya gaji da jin sallamar Dogo.

Naki ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Mati