Maki Tara Cikin Arba'in

Chazuwa, 10 ga Yuni

Zuwa ga NyaMkandawire, Cibiyar Horar da Malaman Ƙananan Yara, Mzuzu.

'Yata, ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanku. Mu nan lafiya, sai sanyi da tarin yara.

Ni ce NyaHarawa mai makarantar ƙananan yara da ke jikin coci, wadda kika zo dubawa watan jiya. In kin manta fuskata, ba kya manta kazata ba, don ke aka ba ƙundunta.

Jiya bayan sujada sakataren coci ya karanta sunayen waɗanda za ku kai horo a watan Agusta. Na kasa kunne har ya naɗe takarda, babu nawa. Ya kuma karanta cewa daga Satumba duk wanda bai da shaidar wannan horon ba zai sake tsayawa gaban yara ba. Matan coci suka juyo suna kallona. NyaMsiska, wadda ni na koya wa 'ya'yanta huɗu riƙe cokali, ta ce, "Ashe iya, shekara goma sha bakwai iska kike ɗura wa yaranmu?"

Da na bi diddigi aka ce maki tara kika ba ni cikin arba'in. Tara! Ko akuya aka ɗaure gaban ajin nan ai ta samu goma.

Ban yi shara ba ne? Ban shafe daɓe ba? Yaran nan sun kawo miki watanni goma sha biyu da Turanci babu gargada, sun kawo ranakun mako, ko ɗaya bai yi tari ba sai da izini. Me kuma ake so? Ba albashi ake biyana ba, balle a ce shi nake wa kuka. Yara arba'in da uku ne, kuma babu wata mai zama da su in iyayensu sun tafi gonar taba.

Ki gaya mini laifina da hannunki. Ki ba direban a-kori-kurar Rumphi amsar, ya san gidana.

Uwarki,
NyaHarawa


Mzuzu, 14 ga Yuni

Zuwa ga Mama NyaHarawa.

Mama, ina durƙushe ina gaishe ki, da fatan tarin yaran ya yi sauƙi. Na karanta wasiƙarki sau huɗu.

Gaskiya ne, ni na ba da maki taran. Zan faɗa miki yadda aka yi, don ba na so ki ji daga bakin wani. Fom ɗin da aka ba ni in cika yana da tambayoyi ashirin, kowace maki biyu. An tsara shi ne bisa sabuwar manhaja, wadda ta ce yaro ɗan shekara uku zuwa biyar da wasa yake koyo, da harshen gidansu, ba da hadda ba. Na zauna a ajinki ranar 21 ga Mayu daga takwas da kwata zuwa goma da minti ashirin da biyar. Tambaya ta huɗu ta ce, shin yara suna da abin wasa a hannu? Ban ga ko ɗaya ba, na sa sifili. Ta bakwai ta ce, sau nawa yara suka yi wa malama tambaya? Na ƙirga, babu. Ta goma sha biyu ta ce, ana magana da harshen gida? Turanci kaɗai na ji. Maki taran daga tsabta suka fito, da wanke hannu, da kunu, da littafin kiran suna, da zuwa a kan lokaci.

Amma Mama, wallahi ban san da wannan za a zaɓi mutane ba. Sau uku na tambayi shugabata, Uwargida Kachingwe, ta ce fom ɗin na gano inda malamai ke buƙatar taimako ne kawai. Sai ranar da aka liƙa sunaye na ga an ja layi a kan maki ashirin da biyar.

Watana huɗu da fara aiki, watana tara da gama jami'a. Ban san iyakar abin da zan iya ba, don haka ba zan yi miki alkawari ba. Abu ɗaya zan yi, zan sake zuwa. Ki yi haƙuri, ba zan faɗi ranar ba.

'Yarki,
Walusungu Mkandawire


Mzuzu, 21 ga Yuni

Zuwa ga Uwargida Kachingwe, Shugabar Sashen Horo.

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa tare da girmamawa. Na zaɓi in rubuto ne don in na tsaya gabanki maganar ɓace mini take yi.

Jiya na koma Chazuwa a ranar hutuna, ba da motar ofis ba. Na sauka nesa da gari na ƙarasa a ƙafa, da zani da ɗankwali, na zauna cikin matan da ke dama kunun yara a bayan coci. NyaHarawa ba ta gan ni ba. Ga abin da na gani daga takwas da rabi zuwa tara da minti goma.

Yara arba'in da ɗaya ne suka zo. Suna zaune a ƙasa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kafa shinge da tsinke, a ciki akwai shanun yumɓu da suka gina da hannunsu. Na ƙirga shanu sittin da takwas. NyaHarawa tana rarrafe a tsakaninsu, da shekarunta hamsin da tara, tana kukan kura. Ta je wani shinge ta ce, "Shanunku bakwai, kura ta ɗauke biyu, saura nawa?" Wata yarinya ta ce, "Saura biyar, amma ba kura ba ce, Chawanangwa ne, ga su nan a aljihunsa." NyaHarawa ta ce, "To a kai ƙara gun hakimi." Suka naɗa hakimi, suka yi shari'a, aka yanke masa ya mayar da biyu ya ƙara ɗaya, sannan aka sake ƙirga garken. A minti arba'in ɗin nan yara sun yi mata tambaya talatin da ɗaya. Na rubuta kowace. Ɗaya ya ce, me ya sa sa ba ya ba da nono? Da fom a hannuna, da maki talatin da shida zan ba ta. Huɗun da za ta rasa na rumfa ne da ruwan sha, kuma ba ita ke gina rumfa ba.

Sai ta ɗago kai ta gan ni.

Ranki ya daɗe, wannan ne ba zan manta ba. Ta miƙe zumbur ta daka tsawa, "Baƙuwa! Watanni!" Kafin in ajiye muciya yaran sun ture shanun da ƙafa zuwa bayan bango, sun goge hannu a riga, sun yi layi, idanu a ƙasa, suna rera Janairu, Fabrairu da Turanci. Wani sa ya karye a ƙarƙashin ƙafar mai shi, yaron yana hawaye yana ci gaba da Maris, Afrilu.

Na ce, "Mama, don Allah me ya sa?"

Ta ce, "Au, ke ce ma? Zuwan ɓarayi kika yi mini?"

Na ce, "Abin da kike yi yanzu shi manhaja take nema. Me ya sa kika ɓoye mini?"

Ta ce, "Malama mai digiri, ni da ke wa ya fara ganin mutanen Mzuzu? Zauna in kawo miki."

Ta shiga gida ta fito da takarda a cikin leda. Takardarmu ce, da hatimin wannan Cibiyar, ta horon kwana biyar da aka yi musu shekara tara da suka wuce. Shafi na uku ya ce ajin kirki shi ne mai shiru, mai layi, wanda yara ke iya kawo watanni da ranaku da Turanci. Ta ce bayan horon wani jami'inmu ya zo duba, ya tarar da shanun, ya sa takalmi ya watsar, ya ce mata a gaban iyaye, "Makaranta ce nan ko gidan maginan tukwane?" Tun ranar, in an aiko cewa baƙo na zuwa, shanu su koma bayan coci. Ta ce, "Baƙo ai abin da yake so ake dafa masa. Wa ya aiko ya ce mini kun canja ciki?"

Babu wanda ya aika. Na duba littafin aike-aike yau da safe. An buga sabuwar manhaja wata goma sha huɗu da suka wuce. Kwafi ɗari biyu aka kawo mana, an raba sittin da biyu, duk a cikin gari, sauran suna ɗakin ajiya a ƙarƙashin kujerun da suka karye.

Na kuma koma kan fom goma sha huɗun da na cika. Biyar na makarantun cikin gari ne, duk sun haye. Tara na ƙauye ne, takwas sun faɗi. A littafina na rubuta cewa a duka takwas ɗin watanni aka rera mini. A lokacin na ɗauka rashin sani ne. Yanzu ban san ko shanu nawa ne a bayan bango ba.

Ranki ya daɗe, mu muka koya musu wannan. Muka canja ra'ayi ba mu gaya musu ba. Muka je muka auna su da sabon mudu, muka kore su daga horon da zai sanar da su an canja. Wanda ya riga ya sani shi za mu koya wa, wanda bai sani ba mu sallame shi. Na yi ta juya abin in ga ko akwai hikimar da ƙuruciyata ta hana ni gani, ban samu ba.

Ina roƙo a sa sunan NyaHarawa, a kuma sake duba sauran bakwai ba tare da sanarwa ba.

Taki cikin biyayya,
Walusungu Mkandawire


Mzuzu, 26 ga Yuni

Malama Mkandawire,

Barka da aiki. Na ga takardarki, shafi huɗu. Ofishina taku goma ne daga teburinki.

Masu nema ɗari da goma sha biyu, kujeru talatin. Dole a ja layi a wani wuri, kuma ba ni na zaɓi wurin ba. Ziyarar da kika kai da zani, cikin masu kunu, ba ta cikin tsarin aiki, don haka maki talatin da shidanki ba su da gurbi a ko'ina.

Amma wata daga cikin talatin ɗin ta janye. Kwamiti ba zai taɓa sakamako ba sai jami'in da ya yi awo ya rubuta cewa awonsa na da kuskure. Layi ɗaya ya isa. Ki sani takardar za ta zauna a fayil ɗinki, kuma za a ƙara miki wata shida a lokacin gwaji. Bara an yi wa wani haka, ba a tabbatar da shi ba.

Kujera ɗaya ce, ba takwas ba. Ki yi tunani, 'yar nan. Na san iyayenki sun sha wahala a kanki.

Da fatan alheri,
E. Kachingwe


Mzuzu, 28 ga Yuni

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa, na kuma gode da gargaɗin. Na yi tunanin, har na kira mahaifiyata. Ta ce kada in yi.

Ga abin da nake so a kai wa kwamiti. Na yi ƙoƙari ya zama layi ɗaya, ya ƙi, don layi ɗayan ba daidai ba ne.

Ni, Walusungu Mkandawire, na shaida cewa awon da na yi a Chazuwa ranar 21 ga Mayu yana da kuskure. Ƙirgata daidai take. Kuskuren shi ne na ƙirga abin da Cibiyar nan ta umarci malamar ta riƙa nuna wa baƙi, na ɗauka shi ne koyarwarta. Ina zaton na yi irin wannan kuskuren a makarantu bakwai, sunayensu suna bayan takardar nan. A sa duka takwas ɗin a fayil ɗina, kada a sa ɗaya kawai.

Ina kuma neman izinin ɗaukar kwafi bakwai daga ɗakin ajiya. Zan kai su da kaina ranakun Asabar.

Taki,
Walusungu Mkandawire


Masaukin masu horo, Mzuzu, 14 ga Agusta

NyaMkandawire 'yata, gaisuwa mai yawa. An ce an tura ki Karonga aikin wata guda, shi ya sa ban gan ki ba. An kuma gaya mini batun wata shidan. Ban ji daɗi ba, kuma da kin shawarce ni da na hana ki. Tunda kin yi, Allah ya tsaya miki.

Yau wani saurayi mai tabarau ya koya mana yadda ake gina sa da yumɓu don koya wa yara ƙirga. Awa biyu yana bayani daga littafi. Bai haɗa da ƙasar suri ba, yana ɗaga san ƙafafu uku suka zube. Ya tambaya ko akwai mai tambaya. Na duba, shi ne mai sa hannu a takardar shaida ranar Juma'a.

Na tafa masa.

Uwarki,
NyaHarawa