Musun da Na Rasa Abokin Yi

Alhamis, bayan isha'i

Yau muka gama ɗaure dawa, bayana kamar an yi mini duka. Ina hutawa a gindin ɗorawa na ga ana musu a waya: wai ɗan ƙwallon kwando na yanzu zai iya yin goma-goma a abu uku a kowane wasa har kakar wasa ta ƙare? Wato cin maki, cafe ƙwallon da ta kuskure raga, da miƙa wa wani ya ci.

Na tambayi Yaya Sule, ya ce, "Kai dai ɗauki dami. Mu ta ƙafa muka sani."

Sagir kaɗai zai gane. Da shi na yi wasan kwando muna karatu a Bici. Kullum cewa yake jiki ba zai ɗauka ba, ni kuwa in ce an ma taɓa yi. Rabona da muryarsa tun da ya sami aiki a Kano.

Da magariba na kira shi.

"Wa ke magana?"

Na faɗi sunana. Ya yi dariya. "Haba mutumina! Ina kan hanya, zan kira ka."

Ko tambayar ban yi ba. Na daina taɓa wayar don kada caji ya ƙare. Kowa a gidan ya yi barci, har yanzu wayar shiru.