Inda Na Wuce Ka a Tsakiyar Rafi

Zuwa ga abokina Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma maganar ta yi mini nauyi, kuma kai ne ya kamata ka fara jin ta.

Mutanen gidanka suna lafiya. Matarka Maman Ladi ta koma rumfarta a Nyanya. Ladi ta fara makarantar koyon jinya, ta yi tsawo kamar kai. Kekenka yana shagona, jingine a bayan teburin ɗinki. Maman Ladi ce ta sa aka kawo mini, ta ce in ta gan shi a ƙofar ɗaki ba ta iya cin abinci.

Shekara tara muna fita da kekuna duk Asabar, muna ƙetare rafuka, ban taɓa gaya maka ban iya ruwa ba. Kai ke shiga gaba da sanda kana gwada zurfi, ni ina biye da keke a kafaɗa, ina ta surutu don kada ka gane tsoro nake ji.

Ka tuna fitarmu ta ƙarshe, a rafin bayan Paikon Kore? Ruwa ya kai ƙugu. Da muka kai tsakiya ka tsaya cak, ka dafe ƙirji, ka ce in jira ka. Na ji ka sarai, Bulus. Tsoro ne ya sa na wuce ka. Da na taka yashi sai na juyo ina maka dariya, wai tsufa ya kama ka. Ka fito a hankali, ka zauna, ka yi murmushi kawai. Bayan sati uku ka faɗi a garejin da kake aiki, ba ka sake tashi ba, likita ya ce zuciya ce. Tun yaushe take damunka? Da na tsaya, da ka gaya mini?

Asabar da ta wuce na koma ni kaɗai. Na daɗe a bakin ruwan, na kasa shiga. Wata tsohuwa 'yar Gbagyi, wadda ta saba ganinmu a hanyar gonarta, ta tambaye ni ina dogon abokina. Da na faɗa mata, ta sauke itacen da ke kafaɗarta, ta zauna a ƙasa. Mun jima a haka. Daga baya ta tashi ta yi maka addu'a da yarensu, ni ma na ɗaga hannu na yi tawa. Ban ƙetare ba. Na juya keke na kama hanyar gida.

Maman Ladi kullum cewa take yi ciwon bai nuna alama ba. Gobe bayan ta dawo daga coci zan je in gaya mata abin da na gani. Ban san yadda za ta kalle ni ba.

Ka yafe mini. Ka huta lafiya.

Naka,
Haruna tela