Maɗauri Shida a Baya

Litinin, 3 ga Maris

Oga ya ce ranar Juma'a ta sama za a zaɓi sulken jarumar wasan kwamfutar da muke haɗawa. Ko nawa, ko na abokin aikina Mai Ƙaho. Wanda aka ɗauki nasa shi zai riƙe jarumar har ƙarshe, ɗayan kuma ya koma zanen duwatsu da bishiyoyi. Wata uku ina kan matar nan. Ni na yi mata tabon gira, ni na ba ta tafiyarta. A labarin an ƙone garinsu, ita kaɗai ta tsira, ita kaɗai take yawo, ba aboki ba hadimi. Shi ya sa muke ce mata Tilo. Mai Ƙaho ya dasa mata ƙaho huɗu a kwalkwali, kamar yadda yake dasa wa komai. Ko a jikina.

Laraba, 5 ga Maris

Na je gidan adana kayan tarihi don in ƙara duba gwiwar sulke.

Akwai wani tsoho a ɗakin baya mai goge ƙarafan da mai, kowa Baba yake ce masa. Ɗakin warin mai da tsohuwar fata, safar hannu ta ƙarfe a kan tebur, an kwance ta gaɓa-gaɓa. Na nuna masa zanena, gaskiya yabo na je nema. Ya kuwa yaba. Ya ce kafaɗun sun yi girma amma za a iya tafiya da su, ya ji daɗin da ban bar cikinta a buɗe ba irin na masu zanen yanzu. Sai ya ce in nuna masa bayan. Ya sa yatsa yana ƙirga maɗauran fatar, ɗaya, biyu, har shida, a jere bisa gadon baya. Da gangan na mayar da su can, don a gaba muni suke yi.

Ya ce, “’Yata, wa ke ɗaure mata?”

Na ce ita kaɗai ce ai, labarin ke nan.

“To wannan ba kayan mai kaɗaici ba ne. Mai hali ne ake ɗaure wa ta baya, don yana da mai yi masa. Talakan soja ta gaba yake ɗaure nasa.”

Wata uku, littattafai bakwai, ban taɓa tambayar kaina yadda take sa kaya da safe ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gwada mayar da maɗauran gaba. Ta koma kamar jakar makaranta. Na goge.

Juma'a, 7 ga Maris

Tsohon nan bai san Tilo ba. Mai niyya za ta iya. Ni ma wata takwas ke nan ba wanda ya ɗaura mini komai, ga ni kuma lafiya lau.

Ban so rubuta wannan ba, amma tunda ya fito. Bayan rasuwar Mama, Yaya ta ce in tattaro in dawo gidanta, ba za ta bar ni ni kaɗai a ɗakin haya ba. Na ce mata ni ba yarinya ba ce, ba na buƙatar mai riƙe ni. A gaban mijinta na faɗa. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a. Daga ranar ba ta kira ba, ni ma ban kira ba. Dukanmu taurin kan Mama muka ɗauko.

Asabar, 8 ga Maris

Na samo jarkoki biyu masu kauri, kafintan bakin titi ya yanka mini su da zarto yana kallona kamar wadda ta zare. Bel shida na fata. Na huda, na ɗinke, na haɗa ƙirji da baya da kafaɗu daidai yadda na zana. Gobe zan sa shi ni kaɗai, in ɗauki hoto, in kai wa Baba.

Lahadi, 9 ga Maris

Innalillahi. Bari in rubuta a jere, ko zan yarda ni abin ya faru da ni.

Ƙarfe goma na safe na zura shi ta ka kamar riga, maɗauran a sake. Na ƙulla igiya a bakin kowane bel, na rataya a hannun ƙofa, na yi gaba, ya ɗaure. Haka har shida. Na tsaya gaban madubi ina murmushi, har hoto na ɗauka. Na ce to Baba, ga Tilo.

Sai cirewa.

Hannuna bai kai baya ba, kafaɗun da na zana da girma sun tare. Na ɗauki almakashi, bai kai ba. Na gwada yanka robar ta gaba, ko gezau. Na goga bayana da bakin tebur, da hannun ƙofa, na kwanta ina birgima, tashi ma sai da na kama ƙafar gado. Maɗauri na uku ya matse haƙarƙarina, numfashi rabi-rabi. Zufa ta cika robar. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi.

Maƙwabcin da ke fuskantar ƙofata namiji ne, ni kuma 'yar shimi ce a jikina ƙarƙashin jarka. Matar bene na ƙasa ban san ko sunanta ba, shekara biyu muna wuce juna a matakala. Na buɗe wayata ina duba lambobi: Oga, Mai Ƙaho, mai gyaran kwamfuta, mai kawo ruwa. Wannan ya fi bel ɗin matse ni. Na zauna a bakin gado, ina zaune kamar an dasa ni, don lanƙwasawa ba ta yiwuwa, na yi kuka.

Ƙarfe biyu saura na kira Yaya. Bugu ɗaya ta ɗauka. Na ce na maƙale. Ba ta tambayi a ina ba, ta ce ga ta nan.

Da na buɗe ƙofa ta tsaya tana kallona daga sama har ƙasa, jaka a hannu, gyale a karkace, takalmin ma na wanka ne. Ta zaci asibiti za mu. Na jira dariya ko faɗa. Ta ce kawai, “Juya, Auta.”

Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya. A na uku ta ja tsaki, ta ce fata ta tashi. Ina jin yatsunta a bayana, irin yadda take ja mini zif ɗin rigar makaranta Mama na ƙwala mana kira mun makara. Sai da robar ta faɗi ƙasa sannan dariyar ta ƙwace mata, ta zauna dirshan a tabarma tana share hawaye, wai wata takwas tana jiran wayata, ashe jarka ce za ta sa in kira.

Ta shafa mini man zafi. Ta wanke kwanukan da suka kwana uku ban ce ta yi ba. Ban hana ta ba.

Talata, 11 ga Maris

Na kai wa Baba hoton. Ya duba ya ce na sa ni kaɗai, ya gani. Ya tambayi wa ya cire. Na ce zafi ake yi yau.

Ya nuna mini wani ƙarfen bayan sulke da ya fi shekara ɗari biyar. Gefen ramin maɗaurin ya sha gugar yatsa har ya yi santsi. Ya ce mai sulken bai taɓa ganin wurin nan da idonsa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

An yi zaman. Mai Ƙaho ya ƙara ƙaho biyu, shida ke nan. Da aka zo kaina na nuna gaba, na nuna gefe, na nuna baya da maɗaurai shida yadda suke. Sai shafi na ƙarshe: Tilo ta juya baya, kanta a sunkuye, hannuwa biyu na wata da ba a ga fuskarta ba suna ja mata bel na uku.

Oga ya cire gilashi ya ce ai labarin ya ce ba ta da kowa. Na ji muryata tana cewa, “Ita ce take faɗin haka.”

Na riga na ga kaina cikin duwatsu da bishiyoyi. Sai mai rubuta labarin, wadda ba ta cika magana ba, ta jawo takardar gabanta ta tambayi hannun waye. Na ce ban sani ba tukuna. Oga ya ce a ba ni Tilo, a ba mai rubutun mako biyu ta nemo mai hannun.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ta zo. Ta ga zanen a kan tebur, ta daɗe tana kallon babban yatsan hagu, mai tabon ƙunar dutsen guga. Ta dubi nata. Na ce hannu dai hannu ne, duk mai zane yana ƙara tabo don ya yi kama da na gaske. Ta ce haka ne.

Na ba ta makullin ɗakina na biyu, saboda tsaro kawai, kar wani abu ya sake faruwa. Da za mu fita na ɗauko shuɗiyar rigar nan da ke ƙasan akwati tun bara. Ba wani dalili, ita ce a goge. Zif ɗinta a baya yake, sai na juya.